Dashen Ƙashi a Aikin Tiyatar Dasashi: Jawabi ga Majinyata

Jama'a masu jiran ganin likita, muna yi muku barka da zuwa sashen haƙori na wannan asibiti a birnin Makka. Jawabinmu na yau ya shafi kayan da ake cike gurbin ƙashi da su idan ciwon dasashi ya yi tsanani.

Haƙori a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan datti ya daskare a gindinsa, ƙwayoyin cuta kan cinye ƙashin sannu a hankali har rami ya samu. A baki mai lafiya, zurfin da ke tsakanin haƙori da dasashi ba ya wuce milimita 3. Idan ya kai 6 ko fiye bayan an yi wanki mai zurfi, likita na iya ba da shawarar tiyata, ya zuba abin dashe a ramin. Aikin abin dashen kamar na sandar da ake kafa wa doya ne: shi zai tsaya, sabon ƙashinku ya bi ta kansa ya hau.

Kayan iri huɗu ne. Na farko ƙashin majinyacin ne, a ɗebo kaɗan daga haɓa ko bayan muƙamuƙi. Yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin halitta, sai dai a wuri biyu za a yi yanka. Na biyu ƙashin ɗan Adam ne da aka bayar sadaka, aka tace, aka busar. Tun 1965 wani likitan Amurka, Marshall Urist, ya nuna cewa ƙashin da aka cire wa ma'adinansa yana iya sa jiki ya tsiro da sabo. Na uku ƙashin dabba ne, galibi na saniya, kamar Bio-Oss, wanda aka raba da kitse da furotin. Na huɗu haɗin masana'anta ne daga sinadaran kalsiyam da fosfet, ko wani gilashi na musamman da Larry Hench ya ƙirƙiro a 1969.

Siffofi uku likita ke dubawa kafin ya zaɓa. Da fari girman ƙwayar: a ramin gindin haƙori an fi amfani da mai milimita 0.25 zuwa 1, kamar tsakin gero. Sannan ƙofofinta, domin kowace ƙwaya tana da huji-huji irin na soso, kuma ana son faɗinsu ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita don jijiyoyin jini su samu hanyar shiga. Sai saurin narkewa: wasu haɗe-haɗen masana'anta kan narke cikin watanni, na saniya kuwa yakan yi shekaru yana riƙe da wurin.

Haƙƙinku ne ku san asalin abin da za a sa muku. Ku tambaya, musamman game da siririn mayafin da ake rufe dashen da shi, domin wasu daga fatar alade ake yin su, alhali akwai na saniya da na roba. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke yi wa irin waɗannan kaya rajista. Haka kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci bisa izininsa ko na magadansa.

Bayan aiki, kada ku taɓa wurin da buroshi ko asuwaki sai likita ya yarda. Ku kurkure baki a hankali da maganin da aka ba ku, ku ci abinci mai laushi, ku bar taba da shisha. Ganin 'yan ƙwayoyi kamar yashi a baki a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi ya ƙaru da zazzaɓi, ku dawo nan da nan. Masu ciwon sukari da masu shan maganin tsinka jini ko na ƙarfafa ƙashi su sanar da likita tun da wuri.

Ana cire zare bayan mako ɗaya zuwa biyu, amma ƙashi yakan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ya kama. Saboda haka maniyyacin da ya zo Hajji ko Umara na ɗan lokaci, ya fi kyau ya bari sai ya koma gida, inda likita ɗaya zai bi aikin har ƙarshe.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.