Kada Ka Kwanta Sai Ka Yi Lissafi

Wannan ita ce laccar da akawun reshenmu ya yi wa samari da 'yan matan kasuwa. Mun buga ta duka saboda waɗanda ciniki ya hana su zuwa.

Mun gode da ku ka bar rumfunanku da teburanku ku ka zo. Mun san ko wane minti da ɗan kasuwa ya yi a zaune nan, wani ciniki ne ya wuce shi, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba. Magana ɗaya mu ka kawo muku yau, kuma ga abin da ya sa mu ka kawo ta.

Kwanan baya wani yaro ya zo ofis, shekarunsa ba su wuce 22 ba, ya roƙe mu mu rubuta masa takardar ban haƙuri zuwa ga ubangidansa. Ya yi shekara shida yana yaron shago. Da lokaci ya yi, ubangidan ya sallame shi da jarin naira 400,000, ya kama tebur yana sayar da kayan masarufi. Wata goma sha huɗu ke nan. Da mu ka je mu ka ƙidaya abin da ya rage a teburin, bai kai na naira 90,000 ba, ga kuma bashin masu sari a wuyansa.

Mu ka ce, ɓarayi ne su ka shiga? Ya ce a'a. Gobara ce? Ya ce a'a. Mu ka ce, to, jiya cinikin nawa ka yi? Ya ce, alhamdu lillahi, an taɓa. Mu ka ce, riba nawa ke ciki? Ya yi shiru. Mu ka ce, mutum nawa ka ke bi bashi? Ya shiga ƙirga da yatsu, da ya kai na bakwai sai ya rikice.

Jama'a, yaron nan ba ɓarawo ba ne, kuma ba rago ba ne. Kullum da sassafe ya ke fitowa. Abin da ya kashe shi, ya yi wata goma sha huɗu yana cin uwar kuɗi, yana tsammani riba ya ke ci. Kuma mun tabbata a cikin ɗakin nan akwai irinsa da yawa, sai dai ranar tasu ba ta zo ba tukuna.

ASUSUN ƊANTATA

In a ka yi zancen arziki a ƙasar nan, sunan Alhassan Ɗantata a ke fara kira. Kowa ya san dalar gyaɗa, amma kaɗan ne ke tuna yadda ya soma. An haife shi a Bebeji cikin 1877. Ubansa ɗan fatauci ne, ya rasu ya bar shi yana ƙarami, wata tsohuwa da a ke kira Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya yi almajiranci kamar sauran yara, kuma masu tarihinsa sun nuna tun a lokacin nan ya saba jefa ɗan abin da ya samu a asusu.

Da ya girma ya shiga fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja da Ankara. Sa'ad da jirgin ƙasa ya soma jigila daga Kano cikin 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe. Cikin 1918 kamfanin Turawa na Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Cikin 1929, da a ka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ya rasu cikin 1955, a na ƙidaya shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

To, ku lura da abu ɗaya. Jirgin ƙasan nan ba don shi kaɗai ya zo ba, ya zo wa kowa. Amma ranar da ya zo, ya tarad da Ɗantata da jari a hannu da kuma sunan amana a bakin mutane, su kuwa waɗannan biyu ba a dare ɗaya a ke tara su ba. Ba mu ce kowa zai zama Ɗantata ba, arziki na Allah ne. Mun dai ce raƙuman nan ashirin daga asusun almajiri su ka taso. Da yayyafi kogi kan cika.

LITTAFIN DARE

Ga al'adar da mu ke roƙon ku ɗauka. Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro. Ko wane dare, bayan an rufe kasuwa, kafin ku kwanta, ku buɗe shafi guda ku ja layi uku, ya zama gida huɗu. Gida na fari, abin da ya shigo yau. Na biyu, abin da ya fita domin sana'a, watau sari da dako da kuɗin rumfa da leda. Na uku, abin da ya fita domin cikinka, watau abinci da kuɗin mota da kati da abin da ka ba gida. Na huɗu, bashi: wanda ka ke bi da wanda ke binka, da suna, da rana. Minti goma ya isa.

A makarantar da mu ka yi akwai wani malami da ya kan sa mu rubuta ko wace naira da mu ka kashe cikin mako, ran Jumma'a ya duba. Mun ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Yau ba mu tuna rabin abin da ya koya mana a allo, amma wannan ta zauna.

Gida na uku shi ne wanda a ke gudu, domin shi ne ke tona asiri. Aljihun sana'a dabam, aljihunka dabam. Ko kai ne mai teburin, ka yanka wa kanka albashi na ko wace rana, in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya ke zura hannu cikin kuɗin ciniki duk sa'ad da mai shayi ya kira shi, ko aboki ya zo da katin biki, shi ne ke cin uwar kuɗi bai sani ba.

Sa'an nan akwai wani tarko na zamanin tsada, wanda ya kan kama har masu wayo. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da a ka janye tallafin man fetur, litar da gwamnati ta ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin dako ya bi ta, kaya su ka bi dako. A irin wannan hali, a ce ka sari katan a kan naira 10,000, ka sayar da shi ɗai-ɗai ka tara 11,000. Sai ka ce ka ci ribar 1,000, ka kashe ta. Gobe ka koma wurin mai sari ya ce katan ya zama 11,500. Ashe ba ka ci riba ba, ka faɗi da 500, ga kuma dubun da ka kashe. Saboda haka riba ba daga kuɗin da ka sayo jiya a ke auna ta ba, daga kuɗin da za ka mayar da kayan gobe a ke auna ta. Ka riƙa tambayar farashin sari kafin ka ɗebi ko sisi da sunan riba. Wanda ke riƙe da littafi zai ga wannan cikin mako guda. Wanda ba shi da shi ba zai gani ba sai tebur ya zama fayau.

RAMIN ƁERA

Buhu ba ya ƙarewa ta baki kaɗai, ya kan ƙare ta ramin ɓera. Bari mu yi lissafi tare, kowa ya bi mu da kansa. Saurayin da ke sa naira 300 kullum a cacar ƙwallo, a shekara ya zubar da 109,500. In kuma yana sayen data ta naira 500 kullum domin kallon abin dariya, wannan 182,500 ne. Ku haɗa, ya zama 292,000. Watau kusan kashi uku cikin huɗu na jarin da a ka sallami yaron nan da shi bayan bautar shekara shida. Ba wanda zai yarda ya ɗauki 292,000 ya jefa a kwata rana ɗaya, amma da ɗari uku ɗari uku ba ya jin zafi. Mai gidan caca kuwa yana da nasa littafin, kuma da ribarsa a ciki tun kafin a buga wasa, in ba haka ba da bai biya hayar shago ba.

Ba mu ce a jefar da waya ba. Da ita a ke jin farashin Dawanau ko Kantin Kwari ba tare da an biya kuɗin mota ba, da ita a ke karɓar kuɗin ciniki. Amma lokaci ma jari ne. Awa biyu a rana ta lallatsa waya ko zaman majalisa, a shekara awa 730 ne. In yinin kasuwa awa goma ne, kwana 73 ke nan, fiye da wata biyu rumfa a rufe. Da wannan lokaci mutum zai fara koyon ɗinki, ko gyaran waya, ko karatu.

BASHI DA ALKAWARI

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ɓuya. Kasuwarmu tun kaka da kakanni a kan yarda ta ke tafiya: babban ɗan kasuwa ya ba ka kaya, ka sayar ka kawo kuɗi. Wannan yarda ita ce bankin talaka, ba ta neman takardar fili. In ka ce ran Laraba, to, ran Laraba. In ka ga ba za ka cika ba, ka je tun ran Talata da ƙafarka, da rabin kuɗin a hannu, ka faɗi gaskiya. Dattawan da ke zaune nan gaba shaida ne, su kan yafe wa wanda ya faɗi, ba su kan sake ba wanda ya kashe waya kaya ba. Haka kuma wanda ka ba bashi, ka rubuta a gabansa yana gani, ko da ɗan ɗakinku ne. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke hana zumunci lalacewa.

Ku 'yan mata da iyayenmu mata masu adashi, a wannan fanni kun riga maza nisa, domin mai zubi ba ta ƙetare ranar zubi. Abu biyu mu ke ƙara muku. Uwar adashi ta riƙe littafi, kowa ta ga sunanta da ranar kwasarta. Kuma in kwasa ta zo, a raba tun kafin ta shiga ɗaki: wannan na jari ne, wannan na biki ne. A lokacin tsada kuɗin da ke kwance narkewa su ke yi, gara a mai da su abin sana'a, ko keken ɗinki, ko buhun da za a juya, ko tunkiya.

WANDA BAI IYA BOKO BA

Wani zai ce, ni ban yi makaranta ba. To, wanda ya yi allo ya rubuta da ajami, iyayenmu fatake sun yi lissafi da shi tun kafin boko ya zo. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ya koyi lambobi goma, ba su fi mako guda ba, ya sa ƙanensa ɗan makaranta ya rubuta masa suna. A farkon shekarun 1950 da a ka buɗe Yaƙi da Jahilci a Arewa, magidanta masu furfura su ka zauna a tabarma su ka koyi a, ba, ca, waɗansu don kawai su iya karanta takardar haraji da lambar sikeli, kada a cuce su. A Jihar Kano tun 1980 a ka kafa hukumar ilmin manya. In kakanka bai ji kunyar zama a ajin yamma ba, kai mai shekara ashirin mene ne hujjarka?

Mun san abin da waɗansu ke faɗi a zuci: Malam Akawu, kana nufin talaucinmu laifinmu ne? A'a, ba mu ce haka ba, kuma ba za mu ce ba. Ba ɗan tebur ne ya tsauwala kuɗin mai ba, ba shi ne ya ɗauke wuta ba. Littafi ba zai sauke farashin shinkafa ba. Amma tun da abin da ke hannunmu kaɗan ne, tilas mu san inda ko wane kwabo ya ke. Kuma wanda ya saba tambayar kansa ina naira ɗari ta shiga, shi ne zai iya tashi a taron ƙungiyar kasuwa ya ce a karanta mana lissafin kuɗin da mu ka tara, ya kuma nemi rasit in an karɓi kuɗin rumfa. Wanda bai san lissafin aljihunsa ba, wani ne zai yi masa lissafi, kuma ba don amfaninsa ba.

Yaron nan da mu ka ba ku labari, mun rubuta masa takardar, amma mu ka ce kada ya aika da ita, ya kai da kansa tare da jerin bashinsa a rubuce. Ubangidan ya yi faɗa har ya gaji, sa'an nan ya ba shi kaya kaɗan, da sharaɗin ya riƙa kawo littafi ko wace Asabar a duba. Bai farfaɗo ba tukuna, kuma ba mu san ko zai farfaɗo ba. Amma yanzu in ka tambaye shi cinikin jiya, zai gaya maka da lamba.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada ku jira farkon wata, ku soma daren yau. Duk wanda layin ya rikice masa, ya kawo littafinsa ofis da yamma mu ja masa, ba mu karɓar ko kwabo. Ku kuma iyayengida, ku koya wa yaranku lissafi tun suna shago, kada ku bari sai ranar sallama. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.