Ingilishi Daga Gona Zuwa Allo



Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar, nauyin malaman kwaleji ya ƙaru. A garin Bengu kuwa, ga Kamba ta Najeriya nan kusa, yaro na ganin Ingilishi a jikin kwalin magani da buhun taki.

Malam, shigo da buhun nan aji, a tsinci aikatau a rubutunsa. Sa ɗalibi ya rubuta jimla biyar kan haƙar dankali, jiya da yau da gobe. Tatsuniyar Gizo, a mayar da ita wasan kwaikwayo da Ingilishi.

Iyaye, ku saurari karatun yaranku da daddare. Da haka jarrabawar BEPC za ta zo da sauƙi.