Igwar Jules Verne da Allon Malamin Kimiyya

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda marubuci ke ginawa a kan abin da bai faru ba tukuna, amma ilimin zamaninsa bai kore yiwuwarsa ba, kamar tafiya wata, ko inji mai tunani, ko birni a ƙarƙashin teku. A nan ya rabu da tatsuniya. Idan Gizo ya tashi sama, babu yaron da ke tambayar da wane mai ya tashi. A labarin kimiyya kuwa, marubuci ya ɗauki alkawarin cewa maganarsa za ta iya shiga lissafi, saboda haka mai karatu na da damar ɗaukar alƙalami ya bi diddiginsa. Daga wannan dama amfanin irin wannan adabi a makaranta ya taso, kuma tarihin roka ya fi komai nuna haka.

A shekarar 1865 marubucin Faransa Jules Verne ya fitar da littafinsa na tafiya daga duniya zuwa wata. A ciki, wasu Amurkawa sun haƙa rami a jihar Florida, suka ƙera igwa mai tsawon mita 274, suka sa mutum uku cikin harsashinta, suka harba su. Ana yawan jinjina wa Verne saboda bayan shekara 104 kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida ɗauke da mutum uku. Sai dai kuskurensa ya fi dacensa amfani ga ɗalibi. Kafin abu ya kuɓuce wa jan da ƙasa ke yi masa, sai gudunsa ya kai kusan kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya. Wanda zai kai wannan gudu a cikin bututun da bai cika mita 300 ba, nauyin da zai danne shi ya haura nauyin jikinsa sau dubu 20. Mutum mai kilo 60 zai ji kamar an ɗora masa tan 1,200. Ko gawarsa ba za a gane ba. Ɗalibin babbar sakandare na iya fitar da wannan amsa da ƙa'idar gudu da tazara da ke cikin littafinsa na fiziks.

Irin wannan lissafi wasu yara suka yi, ya zame musu aikin rayuwa. Hermann Oberth, ɗaya daga cikin iyayen ilimin roka a Jamus, ya karanta littafin yana ɗan shekara 11, ya gano cewa igwar za ta kashe matafiyan, ya shiga neman wata hanya. A Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta a garin Kaluga wanda zazzaɓi ya taɓa masa ji tun yana ƙarami, ya faɗa da kansa cewa Verne ne ya fara karkata tunaninsa zuwa sararin samaniya. A 1903 ya wallafa lissafin da har yau injiniyoyin roka ke aiki da shi. Dabarar ita ce kumbo ya tafi da mansa, yana ƙona shi yana fesar da iska mai zafi ta baya, gudu na ƙaruwa sannu a hankali cikin mintuna maimakon ƙiftawar ido. Shi ya sa nauyin da 'yan sama-jannatin Apollo suka ji wajen tashi bai wuce kusan ninki huɗu na jikinsu ba.

A Amurka kuma Robert Goddard ya karanta labarin H. G. Wells na mamayar da halittun duniyar Mas suka kawo wa Ingila, yana ɗan shekara 16. Ranar 16 ga Maris 1926, a wata gona a jihar Massachusetts, ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa. Ta tashi kimanin mita 12, ta faɗo bayan daƙiƙa biyu da rabi. Shekara shida kafin nan jaridar New York Times ta yi masa ba'a, tana cewa roka ba za ta motsa a inda babu iskar da za ta tokara ba. Jaridar ba ta janye maganar ba sai a Yulin 1969, lokacin da Apollo 11 ke kan hanyar wata. Wannan ma darasi ne na aji guda, domin har yanzu ɗalibai da yawa na ɗauke da irin wannan fahimta game da ƙa'idar Newton ta uku.

Wani lokaci marubucin ne da kansa ke ajiye labari ya ɗauki lissafi. A 1945 Arthur C. Clarke, wanda ke aikin rada a rundunar sojan saman Birtaniya, ya rubuta maƙala a mujallar Wireless World. Ya nuna cewa tauraron ɗan'adam da aka ajiye a saitin ikwaita, a tsayin kusan kilomita 36,000, zai kewaya duniya sau ɗaya a rana, daidai da juyawarta, don haka daga ƙasa za a gan shi tamkar a tsaye. Uku irinsa sun isa su isar da saƙo kusan ko'ina. A 1964 aka aika hotunan wasannin Olamfik na Tokyo zuwa Amurka ta wannan hanya, kuma a wannan falaki aka ajiye NigComSat-1R na Nijeriya da aka harba daga Sin a Disambar 2011. Duk dish ɗin da ke kan soro a Kano ko Maraɗi, wanda mai saiti ya ɗaure da noti ya tafi abinsa, shaida ne a kan wannan lissafi. Malamin da ya fita da ɗalibansa suka duba dalilin da ya sa dish ba ya bin tauraro yana juyawa ya koyar da falaki ba tare da ya sayi kayan gwaji ba.

Labarin kimiyya ba alheri kaɗai yake shukawa ba. Masanin kimiyya Leo Szilard ya karanta littafin Wells na 1914 mai ɗauke da bama-baman atam, kuma a 1933 ya hango yadda fashewar ƙwayar zarra ɗaya za ta iya tayar da ta kusa da ita. Shi ne kuma daga baya ya tara sa hannun masana don roƙon kada a jefa bam ɗin a kan Japan ba tare da gargaɗi ba. Ajin da ya karanta wannan tarihi zai tattauna amanar ilimi, abin da manhajar kimiyya ba ta cika ba wa wuri ba.

Akwai kuma batun wanda yaro ke gani a cikin labarin. Mae Jemison, likitar da ta yi aiki a Saliyo da Laberiya, ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a Satumbar 1992. Ta sha faɗa cewa ganin Nichelle Nichols, baƙar fata, a matsayin jami'ar kumbo cikin shirin Star Trek na 1966 ya ƙarfafa mata gwiwa. Wannan ne ya sa littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, ya cancanci a sake buɗe shi a makarantu. Yaro ne, Kilba, ya zaga sararin samaniya, kuma da Hausa aka ba da labarinsa. Abin takaici ne cewa kasuwar littattafan Hausa, duk da bunƙasar da ta yi daga shekarun 1980, ba ta bi wannan turba sosai ba. Nnedi Okorafor ta rubuta da Turanci labarin da ta ajiye a Nijar ta shekarar 2070, kuma littafinta Binti ya ci kyautar Hugo a 2016. Fassara irin waɗannan aiki ne da sassan Hausa na jami'o'i za su iya ɗauka.

A aji, hanyar da ta fi tasiri ita ce a karanta babi ɗaya, ɗalibai su tsamo duk wani adadi da marubucin ya ambata, su gwada shi. Littafin Andy Weir, The Martian, ya dace da haka, har an yi masa bugu na musamman don makarantu. Jaruminsa ya maƙale a duniyar Mas, yana lissafin ruwa da iska da yawan dankalin turawan da zai noma kafin a cece shi. Guguwar da ta buɗe labarin kuwa ba za ta iya kayar da kumbo ba, domin iskar Mas ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na matsin iskar duniya ba, kuma marubucin ya yarda da haka. Ɗalibin da ya kama wannan kuskure da kansa ba zai manta da ma'anar matsin iska ba. Mataki na gaba shi ne ya rubuta nasa labarin, da sharaɗin kowane inji da ya ƙaga ya faɗi inda yake samun makamashi.

Kayan fasahar da ake buƙata don mayar da irin wannan labari fim ba su da tsada kamar yadda ake zato. A 2019 duniya ta san wasu samari a Kaduna masu kiran kansu The Critics, waɗanda a lokacin ke shirya gajerun fina-finan kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi, da koren ƙyalle da suke ratayawa a bango, da tsohuwar kwamfuta. A intanet suka koyi manhajar Blender, wadda kyauta ce, suna fama da ɗaukewar wuta. Koren ƙyallen kansa makaranta ne. An zaɓi kore saboda ya yi nesa da launin fatar mutum, don manhaja ta goge shi ta sa wani wuri a madadinsa. Idan ƙyallen ya yamutse, ko hasken ya fi ƙarfi a gefe guda, inuwa za ta ɓata aikin, saboda haka dole mai ɗauka ya san yadda haske ke sauka da yadda yake komawa. Wanda zai sa kumbo ya sauka a hoto kuma sai ya san kusurwa da ma'auni da yadda abu mai nauyi ke rage gudu. A 2020 daraktan fina-finan Amurka J. J. Abrams ya aika musu da kyamarori da sauran kayan aiki.