Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin Da Ke Gamsar Da Majiyyaci Da Iyalinsa



Sau da yawa akan ji wani ɗan'uwa a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Alhali kuwa jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini.

Bayan an ceto ransa a asibiti, sai aikin gashi ya biyo baya, wato motsa gaɓoɓi da sake koya wa majiyyaci zama da tsayuwa da tafiya. Wannan aiki ba baƙo ba ne a Kudu: tun 1945 aka fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi, kuma a 1966 Jami'ar Ibadan ta soma horar da ma'aikatansa.

To, a nan ne ƙorafi yake tasowa. Iyali sukan zaci cikin mako biyu mutum zai miƙe. Da suka ga shiru, kuɗi na ƙarewa, ma'aikaci kuma yana bayani da Turanci ko Yarbanci, sai su ce asibiti ya kasa, su sa shi a mota sai gida Arewa. Da haka gashi ke yankewa daidai lokacin da ya fi amfani, domin mafi yawan sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko ake samunsa.

Gamsuwa tana farawa ne daga bayani. Hakkin iyali ne a gaya musu gaskiyar abin da ake sa ran zai dawo da wanda ba lalle ba ne ya dawo. Su zo da tafinta, su yi tambaya ba jin kunya. Su nemi a koya musu juya majiyyaci kowane awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da ba shi abinci a zaune don kada ya ƙware, da yadda ake ɗaga shi ba tare da jan shanyayyen hannun ba.

In tafiya gida ta zama dole, a karɓi takardar likita zuwa asibitin da ke kusa da garinsu, kada kuma a daina shan maganin hawan jini. Shugabannin unguwanni su taimaka da tafinta da kuɗin mota, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.