Kofin Shayi da Cokalin Gishiri: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu

Iyayena maza da mata, da 'yan'uwana na Suk Libya da babbar kasuwar Umdurman da Suk Markazi ta Hartum.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi karatun jinya, aikina kuwa shi ne bin unguwanni da rumfuna ina auna jinin mutane. Kwanakin baya na auna wani dattijo mai sayar da yadi, na tarar jininsa ya kai 180 bisa 110. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ni ba abin da ke damuna." Maganinsa ya ƙare tun yana gudun hijira, bayan yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, da ya dawo kuma bai koma kansa ba. Ba a yi wata biyu ba ɓarin jikinsa ya shanye. Yau rumfarsa a rufe take, gidan da yake ciyarwa yana kallon hannun dangi.

Don kada hakan ya sami waninku na tsaya a gabanku. Hawan jini da ciwon suga ba sa sallama. Sukan shekara suna cin ƙoda da ido da zuciya, mai su yana ta ciniki bai sani ba. Amma kofin shayinku da tukunyar gidanku suna iya tare musu hanya.

Mu fara da shayi. Ku ƙirga tare da ni: cokali 3 na sukari a kowane kofi, kofi 4 daga asuba zuwa magariba, an sami cokali 12 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, wato wannan cokali 12 ɗin, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Ashe shayi kaɗai ya cinye rabon yini, tun ba a taɓa zalabiya ko lemon kwalba ba. Ban ce ku yi hannun riga da mai shayi ba, ita ma abincinta take nema. Ku ce mata ta kawo sukarin a gefe. Wannan mako ku sa cokali 2, bayan mako biyu ku koma 1. Harshe yakan saba.

Sai gishiri. Abin da hukumar ta ƙayyade shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen miya da farin cuku da yajin agashe. Iyayena mata, wannan a hannunku yake. In an sa dunƙule, kada a ƙara gishiri; a nemi ɗanɗano wajen albasa, tafarnuwa, lemon tsami da citta. Agashe sana'armu ce da duk Sudan ta san mu da ita, amma ga mai hawan jini abin marmari ne, ba na kullum ba.

Na san wani zai ce, "Yarinya, da wane kuɗi, cikin wannan tsada?" Ai abincin da jikin dattijo yake so ba shi ne mai tsada ba. Kisra da tuwon dawa ko na gero sun fi farin burodi riƙe ciki, musamman in ba a cire musu dusa duka ba. Ful da adas da wake da gyaɗa suna gina tsoka in nama ya gagara, ku dai rage man da ake malalawa a kai. Miyar kuɓewa, lalo da kuka su yawaita, tuwon ya ragu. Zoɓo, wanda ake kira karkade a nan, da tsamiya da kwalba da nono na 'ya'yan kuka abin sha ne masu kyau in ba a cika su da sukari ba. Zoɓo yakan ɗan sassauta jini, amma ba ya zama a madadin ƙwayar likita.

Dattijo ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, ga zafin Hartum yakan haura digiri 40. 'Ya'ya da jikoki, ku riƙa miƙa musu ruwa ko ba su nema ba, tafasasshe ko wanda aka sa wa kulorin, domin ba mu manta da kwalarar 2025 ba.

Zaman rumfa daga safe har dare shi ma ciwo ne. Tafiyar minti 30, kwana 5 a mako, ta isa. Ku taka zuwa masallaci, ku sauka daga rakasha kafin ƙofar gida, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Masu cusa tumbak a leɓe kuwa, yana jawo kansar baki. Duk gyambon bakin da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai shi asibiti.

Daga ƙarshe, duk wanda ya kai shekara 40, ya auna jininsa da sugansa ko da yana jin garau. In awon jini ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. Wanda aka ɗora wa magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma ya rubuta sunan maganin a takarda ya ajiye tare da katin shaidarsa, don in tafiya ta kama, ko Cadi ko Masar ko Kano, kowane ma'aikacin lafiya zai gane. In kun ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya asibiti nan take.

Da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa muna bukatar dattawanmu a tsaye kan ƙafafunsu. Na'urar awo tana nan a hannuna, kyauta ne. Baba, bismillah, miƙo hannu mu fara da kai.