Albarushi da Kunama: Lacca kan Ciwon Ɓarin Kai a Ranar 'Yan Mazan Jiya

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, malamanmu, iyayenmu mata, da ku 'yan mazan jiya da muka taru dominku yau a nan Gwangwan, Allah ya ƙara girma.

Ranar 15 ga Janairu ake tunawa da ku, domin a irin wannan rana ce a 1970 aka ajiye makaman yaƙin basasa a Barikin Dodan da ke Legas. Watan kuma yana da wani tarihin da ya girmi wannan. A ƙarshen Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka ƙwace garin Myohaung na ƙasar Bama daga hannun Japan, bayan wahalar daji da tsaunuka. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Hausa. Sunayen barikokinmu ma daga can suka biyo su gida: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Myohaung a Legas, har da shi kansa Dodan ɗin.

To, me ya kawo likita da zancen ciwon kai a ranar mazaje? Bari in ba ku labarin wani janar. A daren 8 ga Afrilun 1865, lokacin yaƙin basasar Amurka, Janar Grant ya kwana da azababben ciwon kai, yana tsoma ƙafafunsa a ruwan zafi, yana ɗaura magani a ƙeya, duk a banza. Washegari yana kan doki ciwon na nan, sai ga wasiƙar abokin gabarsa Janar Lee cewa a zauna a yi maganar miƙa wuya. Da hannunsa ya rubuta cewa yana karanta takardar ciwon ya sake shi. Mutumin da ya ja rundunoni ke nan, saboda haka kada wani ya ƙara cewa wannan ciwon ragwaye ne.

Ciwon ɓarin kai yana da kamanninsa. Yakan kama gefe ɗaya, yana sara kamar bugun zuciya, daga awa 4 har zuwa kwana 3. Ga tashin zuciya, wani har da amai. Kun san uwar gidan da takan shige ɗaki ta saki labule, ta ɗaure kai tamau da kallabi, ta ce don Allah a daina dakan nan, kuma kada wanda ya shigo mata da turaren wuta. Wasu kafin ciwon ya sauka sukan ga walƙiya mai lanƙwasa tana rawa a gefen ido, ko rabin abin da suke kallo ya ɓace, ko leɓe da yatsu su yi sanyin mutuwa. A nan ne ake cewa iska ce ko sammu. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya yana da wannan ciwo, kuma mata sun ninka maza kusan sau 3.

Abin da na zo in faɗa guda ɗaya ne: tushen ciwon daban, abin da ke tayar da shi daban. Ku da kuka san bindigar toka, idan babu albarushi a ciki, ko ka wuni kana jan kunama ba abin da zai tashi. Albarushin nan shi ne irin ƙwaƙwalwar da aka haifi mutum da ita, mai saurin zabura, kuma yawanci gado ce. Ku tambaya, za ku tarar uwa ko goggo ta yi fama da shi. A 1944, daidai lokacin da kakanninmu ke dajin Bama, wani masani ɗan Brazil, Aristides Leão, ya gano wata igiyar lantarki da ke rarrafe a saman ƙwaƙwalwa, kamar milimita 3 a minti guda, tana kwantar da aikin duk inda ta bi. Ita ce ke kawo walƙiyar nan. Zafin kuwa daga wata babbar jijiya yake zuwa, mai ɗauke da jin fuska da na mayafin ƙwaƙwalwa, wadda kan fitar da sinadaran da ke tsananta sarar.

Kunamar kuwa tana cikin rayuwarmu ta kullum. Rashin barci, ko barcin da ya wuce ƙima. Fita gona ba karin kumallo, a kai azahar ba a sha ruwa ba. Hasken rana mai kashe ido, hazon hunturu irin na yau, hayaƙin icce a madafa, warin maganin feshi. Ga mata, kwanakin da al'ada ke gabatowa. Sai damuwa, kuma abin mamaki har da saukar damuwa: a gama hidimar biki lafiya, washegari kai ya ɗauka. Goro da shayi suna da nasu makircin. Wanda ya saba da su, ranar da ya rasa ne kan ya sara, shi ya sa mutane da yawa ke shan wuya a farkon azumi. Kuma kunama ɗaya ba ta cika isa ba. Yunwa kaɗai ta iya barin ka, amma yunwa da rana da kwanan zaune a gidan suna, sai ta Allah.

Ku sojoji kuna da ƙari. Wanda bam ya tashi kusa da shi, ko ya bugu a kai, yakan dawo da ciwon kai mai kama da wannan sak, ko da babu tabo a jikinsa. An ga haka sosai a sojojin Amurka da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, kuma 'ya'yanmu da ke fagen daga a Arewa maso Gabas ba da ƙarfe aka ƙera kawunansu ba. Mai gurguwar ƙafa kowa na tashi ya ba shi kujera. Wanda ƙarar babur ke sa shi toshe kunne kuwa, sai a ce ya cika faɗa tun da ya dawo. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma iyalinsa ne suka fi cancanta su fara ganewa.

Sai maganar kemis, inda muke yi wa kanmu illa. Wanda ke haɗiyar farasitamol kwana 15 ko fiye a kowane wata, ko tiramadol da kodin da ƙwayoyin haɗi masu sinadarin kafeyin kwana 10 ko fiye, maganin ne da kansa zai koma yana haifar masa da ciwon kai na kullum. Akwai magungunan rigakafi masu sauƙin kuɗi da ake sha kowace rana don rage yawan zuwansa, amma likita ne zai zaɓa, domin wanda ya dace da mai hawan jini yana iya cutar da mai asma. Kafin ka je wurin likita, samu ɗan littafi, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta maka ranar da ciwon ya zo, abin da ka ci, yadda ka yi barci, da ƙwayar da ka sha. Wata biyu sun isa ka fara gane taka kunamar, don ta maƙwabcinka ba lalle ta zama taka ba.

Akwai kuma ciwon kan da ba a tsayawa rubuta shi. Wanda ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba ka taɓa ji ba. Wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman da bazara, lokacin sanƙarau. Wanda ya zo da shanyewar hannu ko karkacewar baki. Na mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, idonta na ganin dishi-dishi. Da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. Waɗannan a nemi mota nan take a nufi asibiti, Rogo ko Ƙaraye, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura Kano, ko da tsakar dare ne.