Matse bakin kwanso yana ƙara wa harsashi saiti?

Yau Amurka za mu leƙa, inda doka ta bar maharba da 'yan gasar harbi su tattara kwanson da suka harba su sake cika shi a gida. Akwai gardamar da ta daɗe a tsakaninsu: in ka zaunar da ƙwayar harsashi a kwanso, sai ka matse bakin kwanson ya cije ta, ko ka bar shi haka?

Masu matsewa suna cewa riƙon yana sa kowane harsashi ya tashi da ƙarfi iri ɗaya. Kamfanin Lee Precision na jihar Wisconsin har na'ura yake sayarwa don wannan aiki. Amma ku dubi 'yan gasar benchrest, masu ɗora bindiga kan teburi suna neman harbi 5 su bi rami guda daga yadi 100. Galibinsu ba sa matsewa. Riƙon wuyan kwanson kawai suke daidaitawa, don matsi in ya yi yawa yana lotsa ƙwayar, kuma in kwansuna sun bambanta a tsawo, cizon ma sai ya bambanta.

To ina amfaninsa? Tsaro. A bindiga irin Winchester 1894, harsasai a jere suke cikin bututu, wani na tokare da wani. In ƙwaya ta nutse cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, ƙarfin fashewa ya haura, kuma fuskar mai harbi ce a kusa. Shi ya sa ake matse harsasan sojoji da na manyan bindigogin farauta masu naushin kafaɗa.

Ni a ganina, matsewa maganin zamewa ce, shi kuwa saiti daga daidaito yake zuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu natsuwar cikinsu ke raba gardamar: harsasai kashi biyu, komai iri ɗaya sai matsin, a harba, a auna takarda. Takarda ba ta san surutu ba.

Ku tuna fa, a Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izini ba. Ilimi muka zo ɗauka.